Ranar hutu tsakanin tsaunukan zamiyar ƙanƙara: tambayoyin da mutanen Kebbi da Zamfara suka fi yi

Daga Disamba zuwa Maris, daidai lokacin da hunturu ke busar da leɓe a Birnin Kebbi da Gusau, tsaunukan Turkiyya da na Turai a lulluɓe suke da dusar ƙanƙara, wuraren wasan zamiya kuma a buɗe. Mutanenmu da ke zuwa can galibi ɗalibai ne masu karatu a Turkiyya, da iyayen da suka je duba su, da 'yan kasuwar da suka gama sari a Istanbul da sauran kwanaki a hannu, sai ma'aikatan da aka tura taro ko kwas a Janiba ta ƙasar Suwizalan. Koyon zamiya akwai masu koyar da shi a kowane tsauni. Abin da ake ta tambaya ba a cika samun mai amsawa ba shi ne ranar da ba a hau ba: ina za a je, me za a yi, yaya kuma za a tashi daga wannan tsauni zuwa wancan ba a isa a galabaice ba.

Na biya kuɗin jirgi da na masauki, kwanakina kaɗan ne. Me zai sa in bar yini guda ban hau ba?

Saboda tsamin jikin zamiya ba ranar da aka yi ta yake zuwa ba. Cinya da sharaɓa suna aiki ne a tanƙware, suna riƙe nauyin mutum yana gangarowa, kuma tsamin irin wannan aikin ya fi tsanani tsakanin sa'a 24 zuwa 72 bayan an yi shi. Wanda ya fara koyo Litinin da Talata, ranar Laraba zai ji saukowa daga bene ya zame masa aiki. Ƙafar da ta gaji ba ta juyawa a kan kari, abin da ya biyo baya kuma a gwiwa yake ƙarewa. Ciwon gwiwa na daga cikin raunukan da aka fi samu a wannan wasa.

Mu kuma muna da ƙari a kan wannan. Birnin Kebbi ba ta kai mita 300 sama da teku ba, otel-otel na tsaunukan nan kuwa da yawansu suna kan mita 1,800 zuwa 2,200. Jiki na kokawa da sanyi da busasshiyar iska da ƙarancin iskar shaƙa duk a lokaci guda. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya hau kwana biyu, na uku ya huta. Kafin ka sayi tikitin hawa na kwanaki a jere, tambaya ko akwai wanda kai za ka zaɓi ranakunsa, kamar biyar cikin bakwai. Wurare da dama a tsaunukan Alps na Turai suna sayar da irinsa.

To wane irin wuri ya kamata in nema?

Wanda yake ƙasa da inda kake kwana, ya fi shi ɗumi, kuma za ka isa cikin sa'a ɗaya ko ɗaya da rabi. A kan wannan ma'auni aka gina kusan duk amsoshin da ke ƙasa. Saukowa daga mita 2,000 zuwa gari mai mita 200 ko 500 ita kanta magani ce: numfashi ya daidaita, ciwon kai ya lafa, abinci ya shiga. Abin da ke ɓata wa mutane ranar shi ne kwaɗayin gani. A jera wurare biyar a takarda, a fita da asuba, a dawo bayan isha'i, washegari a tashi an fi jiya gajiya. Zaɓi abu ɗaya, ko wanka a ruwan zafi, ko tsohon gari, ko zama a jirgin ƙasa, sauran yinin ka bar wa shayi da hira.

Taswirar waya za ta nuna maka kilomita, ba za ta gaya maka hanyar duk kwana ce a gefen dutse ba. Kilomita 40 a kan tsauni ranar da dusa ta zuba tana iya cin fiye da sa'a ɗaya. Mai karɓar baƙi a otel da direban motar haya sun fi waya sanin wannan. Ka tambaye su ko wurin a buɗe yake a lokacin sanyi, da ranar da yake rufewa (gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa Litinin), da ƙarfe nawa motar ƙarshe take komawa tsauni. Wannan ta ƙarshen kada ka manta da ita, don motocin igiya (masu tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe suna hawa da mutane tsauni) da bas na tsauni da wuri suke tashi aiki.

Ranar da zan tashi daga wannan tsauni zuwa wancan, ba ita ce hutun ba?

A'a. Mayar da takalma da sandunan haya, jan akwati a kan ƙanƙara, jiran bas cikin sanyi, da zama a takure sa'o'i da yawa, duk aiki ne. Idan za ka haɗa wurare biyu, sa kwana ɗaya a garin da ke ƙasa tsakaninsu. Mai barin tsaunin Uludağ zuwa na Erciyes a Turkiyya ya kwana a Bursa, mai barin Chamonix ta Faransa zuwa Suwizalan ya kwana a Annecy ko Janiba. Ka kuma kauce wa Asabar a Alps, ita ce ranar da baƙin mako ke fita wasu ke shiga, hanyoyi su cushe, musamman a Fabrairu lokacin hutun makarantun Faransa. A Turkiyya cunkoson ya fi yawa a hutun makarantu na mako biyu da ake yi a ƙarshen Janairu.

Ina Uludağ. Ina zan yi ranar hutuna?

Bursa, ba sai an yi dogon tunani ba. A ganina duk cikin wuraren da mutanenmu ke zuwa babu inda ya kai nan sauƙin hutawa. Tsaunin ya kai mita 2,543, garin kuma yana gindinsa, motar igiya mai tsawon kusan kilomita 9 ta haɗa unguwar otel-otel da gari, tafiyar wajen rabin sa'a. Kana zaune kana kallon fararen itatuwa suna komawa kore a ƙarƙashinka har ka sauka inda titi babu dusa.

Bursa ita ce babban birnin Daular Usmaniyya na farko, tun da suka ci ta a 1326. Fara da Ulu Cami, babban masallacin da Sarki Bayezid na Ɗaya ya gina aka gama a 1399. Ƙubbobinsa 20 ne, wurin alwala kuma a tsakiyar masallacin yake, ruwa na zuba a ƙarƙashin ƙubbar da haske ke shigowa, bango da ginshiƙai duk manyan rubuce-rubucen Larabci ne, wani harafin ya fi mutum tsawo. Za ka iya zama a kan darduma sa'a guda babu mai ce maka tashi. Daga nan taku kaɗan ne zuwa Koza Han, kasuwar alharini da aka gina a 1491. Shaguna na sama, tsakar gida kuwa masu shayi ne. Matan da aka aiko da sautun mayafi nan za su gama da shi ba tare da yawo ba. Ƙaburburan Osman da ɗansa Orhan, waɗanda suka kafa daular, suna Tophane, amma hawa ne, in cinya na ciwo a ɗauki tasi.

Da la'asar sai Çekirge, unguwar ruwan zafi, inda tsofaffin gidajen wanka irin su Eski Kaplıca da Yeni Kaplıca suke. Kafin ka shiga, karanta amsoshi biyun da ke ƙasa a kan ruwan zafi. Ƙauyen Cumalıkızık, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi tare da Bursa a 2014, yana da kyau, sai dai titunansa na duwatsu ne masu santsi, na fi son a bar shi sai lokacin bazara.

Daga Erciyes fa? Kowa Kapadokiya yake ce mini.

Suna da gaskiya, amma ba duk abin da ke Kapadokiya ne hutu ba. Erciyes tsohon dutse ne mai aman wuta, tsawonsa mita 3,917, yana da nisan kusan kilomita 25 daga Kayseri. Daga Kayseri zuwa Göreme wajen kilomita 70 ne. Duwatsun can masu siffar hasumiya, waɗanda mutane suka fafe suka yi gidaje da majami'u a ciki, sun shiga jerin UNESCO tun 1985, kuma a ƙarƙashin dusa sun fi kyan gani. Ka tsaya a wuraren kallo na bakin hanya, ka ci abinci a zaune, ka wuce Avanos a bakin kogin Kızılırmak ka ga masu ginin tukwane da jar ƙasa suna juya abin aikinsu da ƙafa.

Abu biyu ne ba zan ba mai hutu shawara ba. Garin ƙarƙashin ƙasa na Derinkuyu ramuka ne masu ƙunci, a sunkuye ake bin wasunsu hawa bayan hawa, mai ciwon cinya ko ƙuncin numfashi zai sha wuya. Balan-balan mai ɗaukar mutane kuma kafin asuba ake tashi dominta, a tsaya cikin sanyi, sau da yawa a lokacin hunturu iska ta sa a soke tashin. Wanda ya gaji sosai ya tsaya a Kayseri kawai: masallaci da makarantar Hunat Hatun na 1238, da rufaffiyar kasuwa, da kwanon mantı mai zafi, ƙananan ƙulle-ƙullen fulawa da nama a ciki da ake zuba wa kindirmo.

Erzurum ba ta yi sanyi da yawa ga mutumin Kebbi ba?

Ta yi. Tana cikin garuruwan da suka fi sanyi a Turkiyya, da dare ma'auni kan sauka ƙasa da digiri 20 a ƙarƙashin sifili. Kuma a nan shawarar saukowa ba ta aiki sosai, domin garin kansa yana kan mita 1,900, tsaunin Palandöken kuma a bayansa yake. Hutu a nan na cikin gini ne: makarantar Çifte Minareli mai hasumiya biyu ta ƙarni na 13, da ta Yakutiye ta 1310, da Taşhan inda ake sayar da carbin baƙin dutsen Oltu, tsarabar da dattawa a gida za su yi murna da ita. Akwai ruwan zafi a Ilıca da Pasinler. Mai son wucewa Sarıkamış, wani wurin zamiyar a lardin Kars, ya bi jirgin ƙasan Doğu Ekspresi da ke tasowa daga Ankara zuwa Kars. Ba ya sauri, amma akwai ɗumi a ciki da taga mai faɗi. Mai sikila ya duba amsar da ta shafe shi kafin ya sa Erzurum a lissafi.

Taro ya kai ni Janiba, zan leƙa Chamonix. Me zan yi ranar da ban hau ba?

Chamonix, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924, tana kan mita 1,035 a gindin Mont Blanc. Abin da kowa zai nuna maka shi ne motar igiyar Aiguille du Midi, wadda ke kai mutum mita 3,842 cikin wajen minti 20. Wurin kallo ne na gaske, amma ba na ranar hutu ba, can ne mutane ke jin jiri da bugun zuciya. Jan jirgin ƙasan Montenvers ya fi dacewa: yana tsayawa a mita 1,913, a gaban kogin ƙanƙarar Mer de Glace. Masauki a kwarin yakan ba baƙo katin da zai hau jirgin ƙasan kwarin da shi, ka tambaya tun ranar da ka sauka. Jirgin kwarin yana gangarawa har Le Fayet a Saint-Gervais, inda akwai gidan wankan ruwan zafi.

In kana son gari, Annecy ce: wajen sa'a ɗaya da rabi a mota, ƙasa da mita 500, ga tafki, ga tsohon gari mai magudanan ruwa, tafiya a shimfiɗe babu hawa. A Suwizalan kuma Leukerbad ta yi suna da ruwan da ke fitowa daga ƙasa da zafin digiri 51 kafin a sassauta shi. Jirgin Glacier Express yana haɗa Zermatt da St. Moritz cikin kusan sa'a 8, ya bi gadoji 291 da ramukan dutse 91. Wannan ne wuri ɗaya da zan yarda ranar tafiya ta zama ranar hutu, tunda a zaune kake ana kawo maka abinci. Sai an kama kujera tun da wuri, kuma yana da tsada. Jiragen yau da kullum suna bin layin da kuɗi ƙasa da haka in ka yarda da sauya jirgi a hanya. Bizar Shengen guda ta isa Faransa da Suwizalan da Ostiriya da Italiya, amma Turkiyya bizarta daban.

Malam, wuraren wankan ruwan zafin nan, maza da mata a haɗe suke?

Wannan tambayar ta cancanci amsa ba kwana-kwana. A gidajen wankan gargajiya na Turkiyya da Maroko maza daban mata daban, ko da ɓangare ko da lokaci, kuma ma'aikatan ɓangaren mata mata ne. A Turkiyya ana ba ka zane mai suna peştamal ka ɗaura daga ƙugu zuwa gwiwa. Otel-otel da yawa a garuruwan ruwan zafi suna da ɗakin wanka na iyali da ake haya da sa'a, miji da mata su rufe ƙofarsu. Sai dai wuraren da aka buɗe don Turawa masu yawon buɗe ido, musamman a Kapadokiya da manyan otel-otel na kan tsauni, wasunsu a haɗe suke. Tambaya kafin ka biya.

A Alps kuwa ka ɗauka a haɗe ne sai an ce maka ba haka ba. Tafkunan wanka da kayan ninƙaya ake shiga, maza da mata tare. Ɗakunan gumi da ake kira sauna a Ostiriya da Jamus da ɓangaren Suwizalan mai jin Jamusanci, al'adarsu ba a shiga da tufa ko kaɗan, kuma galibi a haɗe. Gara mutum ya sani tun yana waje. Wasu wuraren suna ware rana ko sa'o'i na mata zalla. A Faransa yawancin wuraren ninƙaya na hukuma ba sa yarda namiji ya shiga da wando mai faɗi, kuma da yawa ba sa yarda da rigar ninƙayar mata mai rufe jiki. Wanda duk wannan bai kwanta masa ba bai yi asarar komai ba, bahon ɗakinsa da ruwan ɗumi zai sassauta masa cinya.

Tsawon wane lokaci ya kamata a zauna a ruwan, kuma wa bai kamata ya shiga ba?

Wanda ya taɓa wanka a Wikki da ke Yankari kada ya yi awo da shi. Ruwan Wikki wajen digiri 31 ne, ana iya daɗewa a ciki. Tafkunan nan kan kai 36 zuwa 40, wasu tsofaffin na Turkiyya sun fi haka. Minti 15 zuwa 20 sun isa, ka fito, ka sha ruwa, ka zauna, in kana so ka koma. Ka miƙe a hankali, domin zafi na buɗe jijiyoyin jini, mai tashi da sauri jiri na iya kayar da shi a kan marmara mai santsi.

Mai ciwon zuciya, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai juna biyu, kada su shiga sai da izinin likita. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta jin zafi sosai ya kula kada ya ƙone bai sani ba. Wanda ya faɗi ya gurɗe ko gwiwa ta kumbura, kwana biyun farko sanyi ake sa wa wurin, zafi ƙara kumburin yake yi. In gwiwar ta yi ƙara lokacin faɗuwar, ko ba ta ɗaukar nauyi, asibiti za ka yi ranar hutunka.

Ɗiyata na da sikila, ni kuma AS ne. Za mu iya zuwa?

Ku fara da likitan da ke duba ta, tun kafin a sayi tikiti. Abubuwan da ke tayar da ciwon sikila su ne sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da ƙarancin iskar shaƙa, da wahalar da jiki, kuma tsaunin ƙanƙara ya tara su duka huɗu. Ra'ayina, mai SS ya zauna a garin ƙasa irin Bursa ko Annecy, ya bar kwana a kan tsauni. Fitowa daga ruwan zafi zuwa iska mai sanyi ma haɗari ce gare ta, sai an busar da jiki da gashi sosai an rufe kafin a fita.

Kai mai AS yawanci ba ka da matsala, amma likitoci sun san cewa a tsaunuka masu nisa saifar mai AS na iya toshewa, ko da ba a cika samun hakan ba. Alamarta ciwo ne mai tsanani a saman ciki ta hagu, wani lokaci har kafaɗa. In ka ji haka ka sauka, ka je asibiti, ka gaya musu da bakinka cewa kai AS ne, domin likitan can ba lallai tunaninsa ya kai nan ba.

Na tashi da ciwon kai da zazzaɓi. Gajiya ce ko tsauni ne?

Ciwon tsauni yakan fara daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, rashin son abinci. Maganinsa kada a ƙara hawa, in bai lafa ba a sauka. Amma shi ba ya zuwa da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari. Wanda ya baro Yauri ko Argungu ko Talata Mafara cikin 'yan makonnin nan ya ga zazzaɓi, ya fara zargin cizon sauro, don ciwon na iya ɓoyewa mako ɗaya ko fiye kafin ya bayyana. Ka je asibiti a ranar, ka ce daga Najeriya kake, a yi maka gwajin maleriya. Lambar gaggawa 112 tana aiki a Turkiyya da ƙasashen Tarayyar Turai da Suwizalan. Inshorar tafiya kuma a duba ko ta haɗa da wasannin ƙanƙara, da yawa ba su haɗa ba sai an ƙara kuɗi.

Yaya batun sallah da Juma'a, ga kuma azumi na faɗowa a lokacin?

In da hali, sa ranar hutunka ta faɗo Juma'a. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi ba, amma wanda ya same ta a Ulu Cami ta Bursa ko masallacin Janiba da ke Petit-Saconnex, wanda aka buɗe a 1978, ya haɗa hutu da lada. Yini gajere ne: a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 5 a Chamonix da Erzurum, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa. A Bursa kuma rana ba ta fitowa a Janairu sai bayan ƙarfe 8. Agogon Alps a lokacin sanyi daidai yake da na gida, na Turkiyya ya wuce mu da sa'a 2.

A mazhabar Malikiyya matafiyi na yin ƙasaru in tafiyar ta kai mil 48, matuƙar bai yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya ba. Don haka mai kwana biyar a tsauni guda zai cika, mai kwana biyu nan uku can zai yi ƙasaru. Shafa a kan huffi kuma na fata ake nufi, wanda aka sa da alwala. Huffi mara nauyi a jaka yana sauƙaƙa alwala ƙwarai. Sauran bayani a nemi malami kafin a tashi. A 'yan shekarun nan watan Ramadan yana faɗowa cikin Fabrairu, yana matsowa Janairu. Mai azumi ya sani busasshiyar iskar tsauni na zuƙe ruwan jiki ko ba a ji ƙishi ba, ya rage hawa, ya ƙara ranakun hutu.

Hajiya da yara ba za su yi zamiya ba. Me za su yi duk kwanakin?

A kama musu masauki a garin ƙasa, mai zamiya ya riƙa hawa da safe yana dawowa. Bursa da Kayseri da Innsbruck ta Ostiriya duk sun dace da wannan tsari. Rana ɗaya a hau da su su taɓa dusa, yara su yi sulu a ɗan tudu, a sha abu mai zafi, a sauko kafin la'asar. Takalmi mai kaushin ƙasa ya zama dole ga dattijuwa, faɗuwa a ƙofar otel ma tana karya ƙugu. A sa wa kowa tabarau mai duhu, sabuwar dusa na mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙona ido. Man kaɗe kuma a zo da shi daga gida saboda leɓe da diddige.

Hijabi babu mai hana shi a titi a ƙasashen nan. Niƙabi ne doka ta hana a bainar jama'a a Faransa tun 2011, a Ostiriya tun 2017, a Suwizalan tun 1 ga Janairu 2025. Mai sa niƙabi hankalinta zai fi kwanciya a Turkiyya ko Maroko.

Abinci fa? Me zan ci, me zan guje wa?

A Turkiyya ka ci abinka: miyar mercimek mai zafi da safe, iskender kebab a Bursa inda ya samo asali, cağ kebab a Erzurum, da salep, wani abin sha mai kauri da madara da kirfa da ake yi a lokacin sanyi. A Alps sai da tambaya. Fondue, narkakken cukun da ake tsoma burodi, da farar giya ake dafa shi. Tartiflette na da naman alade a ciki, raclette kuma da yankakken naman alade ake kawo shi. Jan abin sha mai tururi da ƙamshin kirfa da ake sayarwa a kasuwannin hunturu, vin chaud ko Glühwein, giya ce. Ranar hutu a babban gari dama ce ta samun shagon Turkawa ko na Larabawa a sayi abin da zai kai kwana biyu. Yaji da garin kunu a taho da su. Kilishi da man shanu kuwa dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da kayan madara daga waje, ƙwacewa za a yi.

Babu wuri mafi kusa da gida?

Akwai Maroko. Oukaïmeden na kan mita 2,600 a tsaunukan Atlas, wajen kilomita 75 daga Marrakesh. Dusarta ba ta da tabbas, wata shekara ta zuba sosai a Janairu da Fabrairu, wata shekara kaɗan, amma wajen hutu ba ta da matsala, tunda da rana a Marrakesh riga mai ɗan kauri ta isa. A arewa kuma akwai ƙaramin wurin zamiya na Michlifen kusa da Ifrane, daga nan Fas wajen sa'a ɗaya ce. Can zawiyar Shehu Ahmad Tijjani take, wanda ya rasu a 1815, da masallacin Ƙarawiyyin da aka kafa a 859, ga ruwan zafin Moulay Yacoub a bayan gari. Mutanenmu da yawa ziyara ce ke kai su Fas, sai su ƙara yini ɗaya su ga dusa.

Me zan duba a masaukin da zan kwana?

Ɗumin ɗaki, da kusanci da tasha, da hanyar fita in wuta ta tashi. A ranar 21 ga Janairu 2025 gobara ta tashi cikin dare a wani otel da ke Kartalkaya a lardin Bolu na Turkiyya, mutum 78 suka rasu, da yawansu iyalai ne da suka zo hutun makaranta. Da ka ajiye jaka, fita ka nemi matakalar gaggawa, ka taka ta har ƙasa ka tabbatar ƙofarta na buɗewa, ka nuna wa yara. In za a ba ka zaɓi, karɓi ɗaki a hawa na ƙasa-ƙasa. A gidan haya mai murhun itace ko na gas kuma kada a kwana da wuta a rufaffen ɗaki, hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

In ranar hutun ta zo da guguwar dusa, hanya ta rufe?

Sai a zauna. Iska mai ƙarfi na tsayar da motocin igiya, 'yan sanda kuma kan tare hanyar tsauni ga motar da ba ta da sarƙa a taya. Kada ka matsa wa direba ya sauka da kai, kada kuma ka tuƙa motar haya da kanka a kan ƙanƙara in ba ka taɓa yi ba. Ka duba hasashen yanayi tun kwana biyu kafin ranar. In ya nuna guguwa, ka mayar da ita ranar barci da wanki da kiran gida, ka ɗaga zuwa gari sai sama ta washe. In jirgin komawarka Abuja ya kusa, sauka gari kwana ɗaya kafin ranar, ko da an ce hanya lafiya take.